Wanda aka hana shiga fage ba a tambayarsa ina kambunsa

Wani jerin sunayen gwanayen damben zamani na ajin matsakaita nauyi da aka yi ta yaɗawa bai kai ya ɓata wa kowa rai ba, domin kowa da gwaninsa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne amsar da mai jerin ya bayar da aka tambaye shi dalilin rashin sunan Charley Burley, tsohon ɗan damben Amurka, a ciki. Cewa ya yi duk wanda bai taɓa riƙe kambun duniya ba, ba shi da gurbi a sahun manya, kuma mutane da dama suka mara masa baya. Wannan magana kuskure ce, kuma ƙarin zalunci ce a kan mutumin da aka riga aka zalunta tun yana raye. Daga 1936 zuwa 1950 Burley yana dambe a matsayin sana'a, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ba shi damar karawa da mai riƙe da kambu a wasan da kambun yake kan faifai ba. Ta yaya za a hana mutum shiga fage, sannan bayan shekaru a dawo a ce aibinsa shi ne bai fito da kambu ba?

An haifi Burley a 1917 a garin Bessemer na jihar Pennsylvania a Amurka, mahaifinsa baƙar fata ne mai aikin haƙar kwal, kuma a birnin Pittsburgh ya tashi ya koyi dambe. Ya yi wasa 98, ya ci 83, guda 50 daga ciki tun kafin wa'adin wasan ya cika, aka doke shi sau 12, ya yi kunnen doki sau 2, aka soke wasa ɗaya. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa gamawa da shi kafin ƙararrawar ƙarshe. Duk rashin nasarar da ya yi a hannun alƙalai ya yi ta, da maki. Wanda ya san irin mazajen da ke yawo a wannan aji a shekarun 1940 ya san nauyin wannan magana.

Tun da kambu ne kaɗai ma'aunin da mai jerin ya yarda da shi, to bari mu auna da shi. Burley ya kara da Fritzie Zivic sau uku tsakanin 1938 da 1939, ya ci biyu na ƙarshe. A watan Oktoba na 1940 Zivic ne aka bai wa damar karawa da Henry Armstrong, ya kuma karɓe kambun duniya na ajin masu nauyin fam 147. A 1938 Burley ya doke Billy Soose, a 1941 Soose ya zama mai riƙe da kambun ajin fam 160, wato matsakaita nauyi, wanda hukumar dambe ta jihar New York ta amince da shi. A watan Afrilu na 1944, a Hollywood, Burley ya kai Archie Moore ƙasa fiye da sau ɗaya, ya cinye wasan ba tare da wata gardama ba, kuma wannan Moore ɗin shi ne ya karɓi kambun ajin fam 175 a 1952, ya riƙe shi kusan shekara goma. Mutum uku ke nan da suka sha kashi a hannunsa, kowannensu ya wuce ya ɗaura ɗamarar duniya, shi kuma aka bar shi a bakin ƙofa. Idan kambu ne hujja, ga hujja nan har uku, sai dai a kan ƙugun waɗansu take.

Labarin Zivic shi ya fi tsaya mini a rai. Bayan Burley ya doke shi sau biyu a jere, ɓangaren Zivic ne suka sayi yarjejeniyar da ke tsakanin Burley da manajansa, wato suka zama su ne masu faɗin wanda zai kara da shi da wanda ba zai kara da shi ba. Daga nan babu sauran maganar wasa na huɗu, ko a lokacin da Zivic yake riƙe da kambu. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Mutumin da ba a shakkarsa ba a kashe kuɗi don a ɗaure masa hannu.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai Joe Louis baƙi ne, Henry Armstrong baƙi ne, Sugar Ray Robinson ma baƙi ne, kuma duk sun riƙe kambu a wannan zamani, saboda haka kada a fake da launin fata. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Robinson, wanda kusan kowa ya yarda babu kamarsa, ya shiga sana'ar a 1940 amma sai a watan Disamba na 1946 ya samu wasan kambu, bayan ya gama da kusan duk wanda aka sa a gabansa. Idan irin Robinson, mai cika filin wasa da 'yan kallo, ya yi jiran shekara shida, ina ga wanda ba shi da masu kuɗi a bayansa? Kasancewar an buɗe wa mutum biyu ko uku ƙofa ba ya nufin an buɗe wa kowa. Abin da ya isa shaida shi ne, har a wannan lokaci akwai wani kambu na daban da aka ware wa baƙaƙen fata zalla, wanda Burley ya ci na ajin fam 147 a hannun Cocoa Kid a 1938, ya kuma ci na ajin fam 160 a hannun Holman Williams a 1942. Da hanya a buɗe take, me zai sa a ƙirƙiri kambun gefe? Kuma tun da an kawo sunan Robinson, ya kamata a tuna cewa shi da Burley sun yi zamani ɗaya, a kusan nauyi ɗaya, amma ba su taɓa haɗuwa a fage ba.

Sai kuma yaƙin duniya na biyu, wanda ya cinye masa mafi kyawun shekarunsa. Tony Zale ya zama cikakken mai kambun ajin fam 160 a 1941, Freddie Cochrane ya karɓi na ajin fam 147 a wannan shekara, dukansu suka shiga rundunar sojan ruwa ta Amurka, aka jingine kambunan biyu har yaƙi ya ƙare. Burley yana da shekara 24 aka rufe, sai da ya doshi 29 aka buɗe. Da Zale ya dawo a 1946, bai waiwayi waɗanda suka daɗe a layi ba, Rocky Graziano ya zaɓa, suka kara sau uku a 1946 da 1947 da 1948, saboda a nan kuɗin yake. Ba na raina waɗannan wasanni uku, sun shiga tarihi da cancantarsu. Amma kada wani ya ce mini cancanta ce kaɗai ta zaɓi wanda zai hau fage.

Akwai kuma abin da masu son ƙirga ɗamara ba sa son a ambata, wato hannun 'yan daba masu kuɗi irin su Frankie Carbo a harkar damben Amurka a wancan lokaci. Jake LaMotta da bakinsa ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a 1960 cewa da gangan ya bari Billy Fox ya doke shi a 1947, domin a share masa hanyar wasan kambu, wanda ya samu a 1949. Farar fata ke nan, ɗan New York, mai ɗimbin magoya baya, sai da ya sayar da wasa kafin a ba shi abin da ya cancanta. A irin wannan kasuwa ce ake so mu ɗauki kambu a matsayin ma'aunin gaskiya?

Waɗansu kuma sun ce salon damben nasa ne ba ya jan 'yan kallo. Faifan wasansa guda ɗaya da aka sani ya rage, wanda ya yi da Oakland Billy Smith a 1946, yana nan a intanet, kuma ina roƙon duk mai wannan ra'ayi ya zauna ya kalle shi da idon basira. Za ku ga mutum tsaye a karkace, hannayensa a ƙasa kusa da ƙugu, nauyin jikinsa a kan ƙafar baya, kansa can nesa da inda abokin karawa yake zaton zai same shi. Smith yakan kawo naushi ya sami iska, kafin ya janye hannu Burley ya riga ya zabura ya sauke masa dama, ya koma inda yake kamar bai motsa ba. Ba ya ɓarnar naushi, ba ya bari a taɓa shi a banza. Idan masu sayar da tikiti sun fi son wanda zai ba da fuskarsa a fasa, wannan matsalar kasuwa ce, ba ta rage komai daga gwanintarsa ba. Eddie Futch, wanda ya horar da Joe Frazier da Ken Norton da Larry Holmes, ya sha faɗin cewa Burley ne ɗan damben da ya fi kowa cika a duk waɗanda ya gani da idonsa. Archie Moore, wanda ya kara da Rocky Marciano da Muhammad Ali, shi ma Burley yake ambata idan aka tambaye shi wanda ya fi ba shi wuya. Ni dai maganar waɗannan mutum biyu ta fi mini nauyi a kan kowane jeri.

Game da rashin nasara 12 da ake nunawa da yatsa, a duba a hannun wa aka yi su. Biyu a hannun Ezzard Charles ne a 1942, mutumin da ya fi shi girman jiki, wanda daga baya ya zama mai kambun ajin masu nauyi na duniya har ya doke Joe Louis a 1950. Akwai Jimmy Bivins da Lloyd Marshall, su ma duk sun fi shi jiki. Dalilin da ya sa yake haurawa yana karawa da waɗanda suka fi shi nauyi shi ne na ajinsa sun ƙi shi, ga iyali kuma suna jiran abinci. A 1942 har ya kara da wani ɗan ajin masu nauyi, J.D. Turner, wanda ya fi shi da kusan fam 70, kuma Turner ne ya kasa kai wa ƙarshen wasa. Mutumin da ake lallaɓawa ana zaɓar masa abokan karawa masu sauƙi zai iya fita da takarda mai tsabta. Burley bai samu wannan gata ba, kuma bai gudu daga kowa ba.

Da ya ajiye safar dambe a 1950, aikin kwashe shara ya kama a ƙarƙashin hukumar birnin Pittsburgh, da shi ya riƙe gidansa. Aiki ne na halak, babu abin kunya a cikinsa, kunyar tana kan harkar da ta ci moriyar ƙarfinsa ta sallame shi hannu rabbana. Sai a 1992 aka shigar da sunansa zauren girmama gwanayen dambe na duniya da ke Canastota a jihar New York, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar ya rasu yana da shekara 75. A 2002 mujallar The Ring ta sa shi na 39 a cikin 'yan dambe 80 mafiya gwaninta na shekara 80 da suka gabata, sama da tarin mutanen da suka riƙe kambu. Yau da muke da hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da ɗamararta a aji 17 ko fiye, yana da sauƙi matashi ya ɗauka cewa duk gwani dole ya samu ɗaya. A zamanin Burley aji 8 ne kawai, kuma mabuɗin kowanne yana aljihun 'yan tsirarun mutane.

Ba shi kaɗai ba ne ma. Akwai Lloyd Marshall da Eddie Booker da Jack Chase da Aaron Wade da Bert Lytell da Cocoa Kid, baƙaƙen 'yan damben da masu kambu suka kauce wa, har aka bar su suna ta karawa da junansu suna cinye ƙarfin juna a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya fi ba ni tausayi a cikinsu shi ne Holman Williams, da ya kara da Burley har sau bakwai, kowa ya ci uku, aka soke ɗaya. Sai da ƙarfinsa ya fara ja baya, a 1946, aka haɗa shi da Marcel Cerdan a Paris da Jake LaMotta a Detroit, dukansu suka doke shi da maki, dukansu kuma suka wuce suka zama masu kambun duniya. Williams ya rasu a wata gobara a birnin Akron na jihar Ohio a 1967, kuma sai a 2008 aka shigar da shi zauren Canastota. Shi ma na duba jerin nan daga sama har ƙasa, babu sunansa.