Ovechkin ya fi kowa cin ƙwallo, amma sarautar hoki tana hannun Gretzky

Tun ranar 6 ga Afrilu 2025 da Alex Ovechkin ya jefa ƙwallonsa ta 895 a ragar New York Islanders ya wuce Wayne Gretzky, ƴan uwa na gida da suka ga labarin a waya suke ta tambayata wai to yanzu shikenan ɗan Rashan nan shi ne gwarzon wasan hokin ƙanƙara na duniya kenan? Ni kuma amsata ɗaya ce, a'a, ko kusa. Kuma na gane dalilin tambayar, mu da muka tashi a gidan kallo lissafinmu ɗaya ne, wa ya fi cin ƙwallo, musun Messi da Ronaldo duk inda ya zaga nan yake dawowa, wanda ya bada ƙwallon kuwa sai dai a tuna da shi daga baya in musu ya yi zafi. A nan Edmonton ta ƙasar Kanada inda nake zaune ba haka suke auna ɗan wasa ba, kuma gaskiya na yarda ma'auninsu ya fi namu adalci.

A gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, in ka ci ƙwallo maki ɗaya gareka, in kai ka miƙa aka ci shima maki ɗaya ne cif, har mutum biyu ake rubuta wa taimako a ƙwallo guda, kuma kyautar da ake ba wanda ya fi kowa a shekara da jimillar maki ake bada ita. To ku duba wannan. Gretzky ya yi ritaya a 1999 da maki 2,857, ƙwallo 894 da taimako 1,963. Wanda ke bi masa shi ne Jaromir Jagr ɗan ƙasar Czech da maki 1,921. Wato ko da ace Gretzky bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba a rayuwarsa, waɗanda ya miƙa wa abokansa kaɗai sun ishe shi ya zauna a saman kowa. Ni dai duk wasannin da na sani ban ga inda mutum ɗaya ya ba na biyu irin wannan tazarar ba.

Masu suka suna da hujja kuma ba hujjar banza bace, suna cewa ai a shekarun 1980 ƙwallo ruwa ake yi da ita, masu tsaron raga kayan jikinsu ƙanana ne kuma a tsaye suke tarewa, ba kamar na yanzu ba da mutum zai durƙusa ya cike raga kamar an jingina katifa. Haka ne. Amma ai ba shi kaɗai aka buɗe wa ragar ba, kowa a zamanin golan nan guda ya tarar. A kakar 1981-82 ya ci ƙwallo 92 ya haɗa maki 212, Mike Bossy da ya zo na biyu 147 gareshi. A 1985-86 ya yi 215, a ciki 163 taimako ne, na biyu Mario Lemieux yana da 141, kaga kenan taimakonsa kaɗai ya wuce jimillar kowa a shekarar. Kuma mutumin nan ba ƙato bane, ba shi ya fi gudu ba, ba shi ya fi ƙarfin bugu ba, kai ne dai Allah ya ba shi, yakan je bayan raga ya tsaya da ɗan faifan robar da shi ne ƙwallon wasan yana kallon fili har ake kiran wajen ofis ɗinsa, kafin ƴan baya su yanke shawarar ta ina za su bi shi ya riga ya miƙa wa Jari Kurri an ci. Kyautar gwarzon shekara ta Hart sau 9, kofin Stanley na zakarun gasar sau 4 da Edmonton Oilers, 1984, 1985, 1987 da 1988, lambarsa 99 kuma an jingine ta a duk kulob ɗin gasar ba mai sake sa ta. Dattijan garin nan har yau in aka tado maganar sayar da shi ga Los Angeles Kings a watan Agusta 1988 sai ka ga fuskarsu ta canza, duk da cewa Oilers ɗin sun sake ɗaukar kofi a 1990 ba shi, shi kuma bai ƙara ɗagawa ba har ya aje sanda.

Inda musu yake da daɗi shi ne na biyu, kuma nan ne nake rabuwa da mutane da yawa domin ni Bobby Orr nake sawa.

Orr ɗan baya ne na Boston Bruins, kuma kafin zuwansa aikin ɗan baya galibi shi ne ya tare ya watsar ya koma mazauninsa. Shi sai ya riƙa ɗauko faifan tun daga bayan ragarsu ya keta fili gaba ɗaya ya je ya ci ko ya bayar, in an ƙwace kuma ya riga kowa dawowa. Sau biyu yana fin kowa maki a gasar, 1970 da 1975, kuma har yau babu wani ɗan baya da ya taɓa yin haka ko sau ɗaya in ba shi ba, kyautar gwarzon ɗan baya kuwa shekara 8 a jere yana karɓa. Hoton nan da ake gani na mutum yana shawagi a iska hannu a sama, shi ne a 1970 bayan ya ci St. Louis ƙwallon da ta ba Boston kofi. Abin tausayin shi ne gwiwa, tiyata kan tiyata har ta gagara, wasa 657 kacal ya buga ya bari yana ɗan shekara 30. Dalilina na sa shi sama da Lemieux shi ne duk ɗan bayan da ka ga yana kai hari yau, irin su Cale Makar, hanyar da Orr ya share yake bi.

Lemieux kuma wallahi labarinsa yana taɓa ni. Dogo ne ƙato ga hannu mai laushi, maki 199 a 1988-89, kofi biyu da Pittsburgh Penguins a 1991 da 1992 alhali ciwon baya ya matsa masa har wani lokacin sai an ɗaure masa igiyar takalmi. A Janairu 1993 aka gano yana da cutar daji, ya tafi jinya kusan wata biyu, ranar da aka yi masa gashin ƙarshe ranar ya hau jirgi ya tafi Philadelphia ya buga wasa ya ci ƙwallo, ya kuma ƙare kakar da maki 160 a wasa 60 yana saman kowa. Magoya bayansa suna cewa da yana da lafiya da ya kamo Gretzky, maki 1,723 a wasa 915 ai ba wasa bane, mai yiwuwa haka ne amma ni abin da aka yi nake ƙirgawa. Shi ne na uku a wajena, kuma ban manta ba cewa da kulob ɗin ya durƙushe da bashi a 1999 shi ya jagoranci sayensa ya hana a ɗauke shi daga garin.

Gordie Howe na huɗu, ƙwallo 801, shekara 25 a Detroit Red Wings, ya buga wasansa na ƙarshe a NHL a 1980 yana da shekara 52 tare da ƴaƴansa Mark da Marty a kulob ɗaya. Tsofaffi da yawa a nan shi suke sawa na ɗaya kuma ba na musu da su sosai, sun ga abin da ban gani ba.

To ina Ovechkin? A wajen jefa ƙwallo a raga ban ga kamarsa ba, kowa ya san inda zai tsaya a da'irar hagu, gola ya sani ƴan baya sun sani amma a banza, kuma ya yi haka ne a zamanin da cin ƙwallo ya yi wuya, ya wuce Gretzky a wasa 1,487 daidai adadin da Gretzky ya buga. Amma a na biyar Sidney Crosby zan sa, kofi 3 a kan 1 na Ovechkin da Washington a 2018, ga tsaro ga rabon faifai ga shugabanci. Kuma Crosby ne ya ci Amurka ƙwallon da ta ba Kanada zinare a Olamfik na Vancouver 2010, wanda ya miƙa masa kuwa Jarome Iginla ne, haifaffen nan Edmonton da mahaifinsa ɗan Najeriya ne Bayarabe, mutumin da ya ci ƙwallo 625 ya kuma daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, abin da yawancinmu a gida ba mu ma taɓa ji ba.

Abu ɗaya da ke damuna da jerin da mutanen nan ke yi shi ne kamar NHL ce duniya. Valeri Kharlamov da gola Vladislav Tretiak na Tarayyar Sobiyat ba su taɓa buga gasar ba saboda siyasar lokacin, amma a 1972 sun kusa kunyata manyan Kanada a wasanni 8, da ƙyar Kanada ta sha a wasan ƙarshe a Mosko. Su kuma masu tsaron raga kullum a gefe ake barinsu, alhali Dominik Hasek ya karɓi Hart sau biyu a jere, 1997 da 1998, ya kuma ɗauko wa Czech zinare kusan shi kaɗai a Olamfik na Nagano.

Yaran garin nan kuma ba sa son jin kowa sai Connor McDavid, kuma ina fahimtarsu, gudun da yake yi da faifai a sanda ido ma da ƙyar yake binsa, maki 153 a 2022-23, a 2024 har kyautar gwarzon wasannin kofi aka ba shi duk da kulob ɗinsa Oilers sun sha kashi a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe. Florida Panthers ta hana shi a 2024 ta sake hana shi a 2025. Ranar da ya aje sanda sai a zauna a yi masa lissafi, ina kyautata zaton zai ture Crosby, ƙila har da Howe.