Wane Irin Zaman Ba-ruwana Ne Wannan?

Karo na biyu ke nan da gwamnan jihar Connecticut a Amurka, Ned Lamont, ya hau kujerar naƙi a kan dokar da za ta tallafa wa masu yajin aiki da kuɗi: ya yi a 2024, ya sake a 2025, makonni kaɗan bayan ma'aikatan kamfanin injin jirgin sama na Pratt & Whitney kusan 3,000 sun kammala yajin aiki a cikin jiharsa. Ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, wadda ba ta da abokin kamfe kamar ƙungiyoyin ƙwadago.

Hujjar da masu goyon bayansa ke ta nanatawa ita ce, wai bai kamata gwamnati ta ɗauki ɓangare a rikicin ma'aikaci da mai kamfani ba. Sai ka ce da can a tsakiya take. Tun 1938 kotun ƙolin Amurka ta ba kamfani damar ɗaukar sababbin ma'aikata na dindindin a madadin waɗanda suka tafi yaji kan albashi. A 2024 kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya yanke inshorar lafiyar ma'aikatansa kimanin 33,000 suna tsakiyar yajin aiki, kuma doka ba ta ce masa uffan ba. Mai kamfani yana da banki da lauyoyi, yana iya jiran wata uku. Ma'aikaci kuwa mai gidan haya ne ke jiransa ƙarshen wata. Gwamnatin da ta ga haka ta naɗe hannu ta riga ta zaɓi wanda za ta mara wa baya, yunwa kawai ta wakilta ta yi mata aikin. Malaman jami'a a Najeriya da aka riƙe wa albashi a yajin wata 8 na 2022 sun san wannan dabara sarai.

Abin ya fi muni idan kamfani ne da kansa ya garƙame ƙofa ya hana ma'aikata shiga. A nan ma akwai jihohin da ke hana tallafin, wato kuɗin da jiha ke ba marasa aikin yi, alhali mutumin ya zo da shirin aiki aka kore shi daga bakin get.

Masu cewa tallafin zai sa kowa ya tafi yaji, da alama ba su taɓa duba abin da ake biya ba: bai kai rabin albashi ba ga yawancin mutane, kuma sai an yi makonni ana jira. New York ta yi shekaru aru-aru tana biya, kotun ƙoli ta tabbatar mata da hakan a 1979, kuma ba a ji kamfanoni sun tattara komatsansu sun gudu ba. New Jersey na biya. Washington da Oregon sun bi sahu a 2025, Washington har mako 6, Oregon har mako 10.

Gavin Newsom, da ya ƙi sa hannu a kan irin wannan dokar a 2023 yana gwamnan California, aƙalla ya kawo lissafi: asusun tallafin marasa aikin yi na jihar, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi, na fama da bashin da ya doshi dala biliyan 20. To amma ba masu yaji suka ci bashin ba. Annobar korona ce da kuma shekarun da aka yi ana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga kamfanoni. A gyara kuɗin da kamfanoni ke zubawa, a sa wa'adin makonni, sannan majalisar Connecticut ta sake miƙa wa Lamont dokar karo na uku.