Kafin a miƙa leda, a yi bayani

Jama'a, a ganina kuɗi masu yawa da muke zubarwa a asibiti a Zamfara rashin bayani ne ke cinye su.

Mace za ta taso daga ƙauye da yaro a baya, ta biya kuɗin mota zuwa Gusau, ta wuni a layi, a miƙo mata ƙwayoyi a leda a ce "safe da yamma". Shi ke nan. Ba ta san sunan ciwon ba, balle ranar daina shan maganin.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Maganin irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da nono ko abinci mai maiƙo. Wa ya gaya mata? Jikin yaro na yin sanyi a rana ta biyu sai ta adana ragowar don ƙanensa, ai tattali ne a wurinta. Ciwon da bai mutu ba ya dawo, wani lokaci har sai an kwantar da yaro an yi ƙarin jini. Abin da magana kaɗan za ta tare ya koma sayar da akuya. Haka tarin fuka: magani kyauta ne, wata 6, amma mai yankewa a tsakiya yana iya jawo wa kansa nau'in da ba ya jin magani. Hawan jini kuwa, da ciwon kai ya lafa sai a ce an warke, sai shanyewar ɓarin jiki.

Mu da muka ga gubar dalma a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, bai kamata a tuna mana ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun ba da magani, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, amma sai da aka fahimtar da mutane su daina niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar cikin gida.

Na san ma'aikatan lafiya sun yi kaɗan, layi kuma dogo. To ba dole sai likita ba. Nas ko mai ba da magani ya faɗa da Hausa, ya sa matar ta maimaita da bakinta. A kira maigidan ma ya ji, tunda shi ke riƙe da kuɗin, shi ne kuma zai ce a koma asibiti ko a tsaya kemis.