Kuɗin shekara biyu kafin a miƙa maka makulli

A Kano, idan ka je neman haya, kai ake fara bincika: ɗan waye, me kake yi, kana da iyali ko gwauro ne. Idan amsar ta yi wa mai gida daɗi, ka biya kuɗin shekara, ka sallami dillali, ka kwaso kayanka. Nan Akra ba kasafai wani ke damuwa da ko ka yi aure ba. Tambayar guda ce, nawa ka zo da shi? Abin da aka saba nema kuwa kuɗin shekara biyu ne a dunƙule, ko da ɗaki ɗaya ne a gidan yawa.

Ba don babu doka ba. Dokar haya ta Gana, mai lamba 220, tana nan tun 1963, kuma ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. Akwai ma hukuma sukutum, wadda kowa ke kira Rent Control, mai sauraron ƙorafin masu gida da 'yan haya. Amma ka gwada ambaton dokar a gaban mai gida, zai dube ka ya ce to je ka dokar ta ba ka ɗaki, akwai wani a bayanka riƙe da kuɗinsa. Kuma da gaskiyarsa. Bayan ƙidayar 2021 an ƙiyasta cewa ƙasar na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. Inda masu nema suka fi ɗakuna yawa haka, wa zai kai ƙarar mutumin da yake roƙo?

Ni a ganina wannan kuɗi bashi ne, talaka ke ba mai hali, babu ruwa babu godiya. Ruwan bashin banki a nan ya fi ƙarfin yawancin mutane, don haka mai gida da kuɗin ɗan haya yake sayen siminti da kwano. Za ka ga gidan da aka tsaya a linta, ana cewa ka biya shekara biyu a ƙarasa maka. Wasu na cewa ai ɗan haya ma yana cin riba, tunda ya kulle farashi. Akwai ƙamshin gaskiya: a Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, wanda ya biya kafin nan ya sha. To amma mai sayar da koko a unguwar Mamobi, ko yaron shago a kasuwar Makola, ina zai samo kuɗin wata ashirin da huɗu rana ɗaya? Sai adashi, sai cin jari, sai kiran ɗan'uwa da ke Jamus ko Amurka. Gwamnati ta gane haka, shi ya sa a Janairun 2023 Mahamudu Bawumia, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ƙaddamar da shirin da ke biya wa mutum kuɗin a dunƙule shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Na 'yan ƙasa ne, baƙo irina sai kallo. Kuma in ka lura, shirin bai hana mai gida karɓa ba, ya dai samo wanda zai ba shi.

Dillalin Akra kuma sai ka biya shi kuɗin gani tun kafin ya ɗaga ƙafa, kuɗin mota ma naka ne, sannan in an daidaita ya karɓi kashi goma cikin ɗari na duk abin da ka biya. Hotunan da ake sawa a shafukan talla na intanet irin su Jiji da Meqasa kada su ruɗe ka, kuma kada ka tura ko sisi ta waya kafin ka ga mai gidan ido da ido.

Idan an buɗe maka ɗaki, ƙasan bango za ka fara dubawa. Sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa yana nufin ruwa ya taɓa kwana a wurin. Unguwannin da ke bakin rafin Odaw, irin su Alajo, duk damina suna cikin fargaba, kuma babu wanda ya manta da daren ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a unguwar Circle. Sai ka tambayi mita: taka ce kai kaɗai, ko ta gida duka? In ta gida ce, za a ƙirga maka ƙwan fitila, fanka, firji da dutsen guga, a yanka maka rabonka, kuma yawancin faɗan tsakar gida daga nan yake tashi. Ka tambayi ranakun da famfo ke kawo ruwa. Ka ce a nuna maka banɗaki da idonka, domin gidaje da yawa a unguwar Nima babu shi, sai na kuɗi a bakin layi, da asuba ka tarar da layi. Su East Legon da Cantonments, unguwannin masu kuɗi inda ake faɗin haya da dala duk da babban bankin ƙasar ya sha hanawa, wannan ba zancenmu ba ne.

Inda abin ke ɗan sassautawa shi ne zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Al'adar maigida mai saukar da fatake bata mutu gaba ɗaya ba a Sabon Zango, Nima da Madina. Wasu masu gida a cikin gari da sun ji ka ce Najeriya sai fuska ta canja, amma a zango liman ko wani dattijo na iya tsaya maka. Ya kai ka gaban mai gida ya ce, "Hajiya, ga ɗanki nan, ni na san shi." Ita kuma ta ce, "To Malam, tunda kai ka kawo shi, ya kawo na shekara ɗaya." Sai dai a nan tambayoyin Kano sukan dawo: ina iyalinka, ƙarfe nawa kake shigowa, su waye baƙinka.

Sanayyar tana da nata haɗarin, don ita ke sa mutum ya ji nauyin neman takarda. Ka nema. A rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa, a rubuta wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, a sa shaidu biyu, ka karɓi rasit. Gidajen zango da yawa na gado ne, wanda ya karɓi kuɗinka yau ba lallai shi kaɗai ke da iko da ɗakin ba, kuma ranar da sauran magada suka zo, ba za su tambayi liman ba.