Su bishiya ce ta rufe musu tarihi, mu kuwa siminti ne

Wani abokina da ke karatu a Amurka ne ya turo min hotuna biyu a WhatsApp, wuri ɗaya ne amma sai ka rantse ba shi ba ne, na farko kurmi cunkus, na biyu fili fetal da duwatsu da 'yan shingayen katako. Ya ce filin yaƙin Gettysburg ne a jihar Pennsylvania, kuma hukumar da ke kula da wurin ce ta sare bishiyoyin da gangan. Wallahi raina ne ya fara ɓaci, don duk wanda ya sha ranar Kano a watan Afrilu ba zai ga an kwantar da bishiya ya yi shiru ba. Amma da na zauna na bi maganar a tsanake sai na ga mutanen nan suna da hujja.

A wurin ne aka gwabza ƙazamin faɗa na yaƙin basasarsu, daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, kwana uku kacal amma wajen mutum 50,000 ne aka kashe ko aka jikkata ko aka kama ko suka ɓace. A lokacin gonaki ne da makiyaya da lambuna, ko inda akwai kurmin ma manoma suna sakin dabbobinsu ciki su cinye ƙananan tsiro, shi ya sa soja ke iya hango abokin gabarsa ta tsakanin bishiyoyi. Da kiwo da noma suka ja baya sai daji ya dawo ya cinye wurin, har ta kai mai ziyara zai tsaya kusa da igwa, a ce masa daga nan aka yi ta luguden wuta kan wancan tudun, ya ɗaga ido bai ga komai ba sai ganye. To ta yaya yaro zai gane dalilin da ya sa aka girke igwar a nan? A 1999 suka fitar da tsari na cire bishiyoyi a eka 576, a 2000 kuma aka rushe wata doguwar hasumiyar ƙarfe da aka gina don 'yan yawon buɗe ido. An yi ta ƙorafi kam, wasu na kukan tsuntsaye wasu na zaizayar ƙasa, kuma kukan nasu ba na banza ba ne.

Abin da ya sa na sauko shi ne ba da ka suka yi aikin ba, tsofaffin taswirori da hotuna da bayanan sojojin da suka yi yaƙin suka bi, kuma inda a 1863 akwai kurmi ko lambu amma ya ɓace sai suka sake dasawa. Gatari a hannu ɗaya, dashe a ɗaya.

Sai na ce bari in duba namu. Ranar wata Asabar na ɗauki ɗan yayata a babur muka nufi wajen Dukawuya da Kabuga, don an ba su tarihin zuwan Turawa a makaranta yana ta damuna da tambaya. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 ne rundunar Kanar Morland ta ci Kano, Sarki Alu ya tafi Sakkwato ba ya gari, sun fara gwada Ƙofar Dukawuya abin ya gagara sannan suka karkata wajen Kabuga suka samu shiga. Na so in nuna masa da yatsa, ga inda suka tsaya, ga tsayin da suka tarar, ga ramin da ke gaban badala. Ban iya ba. Shaguna ne da katangun bulo da tulin shara, sai wani ɗan tudun jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye. Wani dattijo mai sayar da rake a gindin darbejiya na tambaya, na ce Baba don Allah ta ina badalar ta bi a nan? Ya nuna da bakin wuƙarsa ya ce, ɗana ka ga bayan shagunan can, da muna yara hawa muke muna hango gari, yanzu ko akuya ba ta wahalar hawa. Yaron nan ya kalle ni ya ce Kawu wannan ce Turawa suka kasa fasawa? Na rasa amsar da zan ba shi.

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen shekara 900 da suka wuce fa ake magana.

Nan ne nake so a yi hattara, don na san halinmu, gobe wani zai ɗauko misalin Amurka ya ce shi ma gyaran tarihi zai yi, ya shigo da injin yankan katako. Idan aka bi ƙa'idarsu tiryan-tiryan to darbejiyar da dattijon nan yake fakewa a ƙarƙashinta ma sai ta tafi, tunda ba ta nan a 1903, daga Indiya asalinta yake kuma zamanin Turawa aka kawo ta. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Su ƙasarsu ruwa ya wadace ta, ka bar fili shekara ashirin ya zama daji da kansa, mu kuwa sai ka yi ta ban ruwa kana kare dashe daga awaki kafin ya kai tsayin mutum, ga hamada na matsowa daga arewa, ga bishiyoyin da aikin titi ya riga ya ci. Kuma ma ba bishiya ce ta rufe mana badala ba, masu ɗibar ƙasa ne da masu yanka filaye da mu kanmu masu zuba shara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tsiro ma yana cikin tsaron birnin, ramin da ya kewaye ganuwar cike yake da ƙaya mai rai, cikin birni kuma akwai gonaki masu faɗi saboda ranar da za a yi wa gari ƙawanya. Wato mu in gyaran gaskiya za mu yi, dashe zai fi sara yawa.

Bishiya ɗaya ce na yarda a cire, wadda ta tsiro a jikin badalar kanta saiwarta na tsaga ƙasar, ita ma a dasa madadinta a gefe.

Ba na cewa a tayar da birni duka, hakan ba zai yiwu ba kuma akwai masu cin abinci a wuraren nan da ba su da laifi, saya suka yi. A zaɓi yanki guda dai, ko da tsakanin Dukawuya da Kabuga ne, a nemo tsofaffin hotuna da taswira, a zauna da malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama da dattawan unguwa, a biya masu shaguna haƙƙinsu cikakke kafin a taɓa bulo ɗaya, sannan a kira maginan gargajiya su ɗaga badalar da tubali da jar ƙasa zuwa tsayinta na da, a haƙa ramin a gabanta, a bar darbejiyar mai rake a inda take.