Dirowa daga jirgin sama da laima: ina ainihin haɗarin yake?

Da zarar yaro ya ce zai diro daga jirgi ɗaure a jikin ƙwararre, sai hankalin iyaye ya tashi, su ce in laimar ta ƙi buɗewa shi ke nan. Tsoron na ƙauna ne, amma yana damuna yadda ake ɗauka laima ɗaya ce rak.

Laima biyu ce. Ana fitowa daga tsayin kusan mita 4,000, ƙwararren ya buɗe babbar a wajen mita 1,500. In ta harɗe, ya sake ta ya ja ta ajiya. Ko suma ya yi, akwai 'yar na'ura mai auna tsayi da gudu, wadda ke buɗe ta ajiyar da kanta a kusan mita 600. A Amurka doka ce a sake naɗe ta ajiyar duk kwana 180, kuma ba a ba mutum ɗaukar wani sai ya yi dira 500. Ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka, USPA, ta ƙiyasta mutuwar ɗalibi ɗaya (wato wanda aka ɗaure a jikin ƙwararre) cikin irin wannan dira kusan 500,000.

Haɗari dai akwai shi, galibi wajen sauka. Misali, an ce maka ɗaga ƙafafu, ka mance ka riga ƙwararren taɓa ƙasa, sai targaɗe ko karayar idon sawu. Mai ciwon zuciya, ko wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, lallai ya fara ganin likita.