Jiƙaƙƙen Hatsi a Ƙasan Tsibi: Nasiha ga Shugabannin Makarantunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana da Allah ya damƙa wa riƙon makarantu a jihar Kebbi.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka taɓa danshi. Da ya tambaya, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Mu da muke noman shinkafa daga fadamun Argungu zuwa Yauri, ba sai an yi mana dogon sharhi ba, domin mun san takaicin mutumin da ya zazzage buhu ya tarar saman ya bambanta da ƙasan. Abin da muke mantawa shi ne makaranta ma tsibi ce. Sakamakon WAEC da NECO da ake liƙawa a bakin ofis shi ne saman, yaron da ya fita da takardar kuwa shi ne ƙasan. Idan shugaban makaranta ya yarda aka tara kuɗi daga ɗalibai domin a rufe bakin mai sa ido, aka rubuta amsa a allo yara suka kwafa, to ya sayar wa al'umma jiƙaƙƙen hatsi. Yaron nan da ke riƙe da kiredit tara alhali ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki, shi ne gobe zai auna wa mahaifiyarka magani, ko ya riƙe alli ya koyar da jikokinka. Wasu suna kiran wannan aiki taimakon 'ya'yan talakawa. Malam, ka ji tsoron Allah, sauya wa algus suna ba ya halatta shi.

Algus ɗin kuma ba a zauren jarrabawa yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da hedimasta ya iso ƙarfe tara ya rubuta bakwai da rabi a rajista, sannan ya ɗauki bulala ya tsaya bakin ƙofa yana jiran makararru. Yara suna gani, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya tambayi muminai a Suratus Saff don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa, ya kuma bayyana cewa wannan babban abin ƙi ne a wurinsa. Haka lamarin yake a makarantar kwana idan aka rage mudun abincin ɗalibai, ko aka bar sunan malamin da ya daɗe da barin aiki a takardar albashi.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, aji guda yana cike maƙil, wani lokaci kuma matsin daga sama yake zuwa, a nuna maka cewa idan sakamako bai yi kyau ba za a jefa ka ƙauyen da ba a kwana da ido biyu rufe. Wanda ya tuna yadda 'yan bindiga suka sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 ya san wannan barazana ba wasa ba ce. Amma hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito bai keɓe mai ƙaramin albashi ba: kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu jagororin jama'a, barin rundunar ya yi ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a bisa shari'a. Mu magadansa, abin da ake nema daga gare mu bai kai haka nauyi ba: ka ƙi sa hannu a kan ƙarya, ko da hakan zai jawo maka sauyin wurin aiki.

Iyaye kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin da ake rufe bakin mai sa ido daga aljihunmu yake fitowa, kuma mu ne muke cire yaro daga makarantar da ta hana satar amsa mu kai shi inda ake cewa babu mai faɗuwa. Idan an kira taron iyaye da malamai na gaba, kafin mu tambayi shugaban makaranta ɗalibai nawa suka ci, mu roƙe shi ya kira yaro ɗaya daga ajin ƙarshe, a miƙa masa littafi ya karanta mana shafi guda a gaban kowa.